Tsirkiyar Indiya a Aljihun Bakatsine

Akwai wata magana da ke yawo cikin wayoyin samari, daga majalisun bakin Ƙofar Durɓi har ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a, wai duk abin da masana fiziks suka gano a ƙarni na 20, malaman Hindu sun riga sun faɗe shi tun shekaru dubbai. Wai ƙwayar zarra tana cikin littattafansu, faɗaɗar sararin samaniya tana ciki, har shekarun duniya sun ƙidaya daidai. Maganar ta samu shiga a wurinmu cikin sauƙi, domin Bahaushe ya daɗe da sabawa da Indiya. Ya kalli finafinanta tun zamanin silima, yanzu yana kallonsu da fassarar Hausa, ya kuma riƙe a ransa cewa ƙasa ce ta hatsabibai. Wanda ya tashi da labarin tsafin Indiya ba zai sha wuyar gaskata cewa bokayenta sun hango abin da Bature ya yi gumi kafin ya gani ba.

Ina ja da wannan magana, kuma ba ƙyashin Indiya ya sa ni ba. Bashin da Indiya ke bin kimiyya ya fi abin da masu wannan kirari suka sani, wani kaso na bashin ma yana nan cikin birnin Katsina, har cikin kalmomin da muke furtawa kullum. Abin da na ƙi shi ne a zubar da alherin da ya tabbata, a rungumi wanda aka ƙaga.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta shekaru, don haka da ita ya kamata a fara. Littattafan Hindu sun ce yini guda na abin bautarsu Brahma, wanda suke kira kalpa, shekara biliyan 4.32 ne. Masana na yau sun auna shekarun wannan duniya tamu suka samu biliyan 4.54. Kusancin yana da ɗaukar hankali, har masanin taurari na Amurka Carl Sagan ya yaba shi cikin shirinsa na talabijin a 1980, kuma yabonsa ne ake ta yankowa ana rabawa har yau. Sai dai littattafan ba su tsaya a yini guda ba. Sun ba Brahma rayuwa ta shekara ɗari da irin waɗannan ranaku, wato shekara tiriliyan 311, suka ce an riga an cinye rabi. Sararin samaniya kuwa, a ma'aunin masana, shekararsa biliyan 13.8, ke nan lissafin Brahma ya zarce shi fiye da ninki 10,000. Me ya sa ake ɗauko adadin da ya yi kusa, a yi shiru da wanda ya yi nisa? Littattafan Purana da suka kawo kalpa su ne kuma suka ce dutsen Meru na tsakiyar duniya, kewaye da tekuna bakwai, cikinsu har da tekun madara da na man shanu da na ruwan rake. Ban taɓa ganin wanda ya turo bidiyon tekun man shanu ba.

Adadin kansa yana da asali da aka sani. Zamanin Kali shekara 432,000 ne, a ninka goma a samu babban zagaye, a ninka wannan dubu a samu kalpa. Shi kuwa 432,000 ba komai ba ne illa 60 sau 60 sau 120, kuma malamin Babila Berossus ya ba sarakunan da suka gabaci ɗufana wannan adadi ba ragi ba ƙari. Masana falaki na Indiya sun riƙe waɗannan manyan lambobi ne domin suna bukatar dogon zango wanda kowane tauraro mai tafiya zai kammala zagayensa cikinsa ba tare da guntu ba. Dabara ce ta mai hisabi, kyakkyawa kuwa. Babu wanda ya auna dutse ko hasken tauraro ya fito da ita.

Sai batun cewa halitta na haihuwa ta mutu ta sāke haihuwa, yadda Hindu suka ce. A shekarun 1970 da 1980 akwai masana da ke zaton sararin samaniya zai gama faɗaɗa ya koma ya tsuke, sannan ya sāke fashewa, sai aka yi ta tafi cewa ga numfashin Brahma ya tabbata. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka auna hasken taurarin da suka tarwatse a can nesa, suka tarar faɗaɗar ƙara sauri take yi. Babu ko ɗaya cikin masu tafin da ya fito ya ce to, ashe littafin ya kuskure. Sun koma neman wani baitin da zai dace da sabon labari.

Uban wannan sana'a a zamaninmu shi ne Fritjof Capra, wanda ya fitar da littafinsa The Tao of Physics a 1975. Ya jingina mafi yawan hujjarsa kan wani ra'i na Geoffrey Chew da ke cewa babu wata ƙwaya ta asali a halitta, kowace ƙwaya daga sauran take samuwa, ya ce wannan shi ne ainihin abin da masu zuzzurfan tunani na Gabas suka gani. Ƙaddara ta riga fata: a Nuwamban 1974, kafin littafin ya bar maɗaba'a, ɗakunan gwaji biyu a Amurka suka gano wata sabuwar ƙwaya da ta ƙarfafa kishiyar ra'in, wato cewa akwai ƙwayoyin asali da ake kira kwak. Masana suka bar hanyar Chew suka kama wata. Littafin bai fasa sayuwa ba, har ma aka rubuta kalaman Capra a jikin allon gunkin Shiba mai rawa, wanda gwamnatin Indiya ta ba cibiyar CERN ta Janeba kyauta a 2004. Hoton wannan gunki shi ne yau ake nuna wa yaranmu a matsayin shaidar cewa masana sun sallama. Kyauta ce ta zumunci tsakanin wata ƙasa da cibiyar da take aiki da ita, kamar yadda sarki ke ba baƙo alkyabba. Injin da ke ƙarƙashin ƙasa a wurin bai san da zaman gunkin ba.

Gaskiya ne Erwin Schrödinger ya ƙaunaci Upanishad, ya kuma rubuta hakan da hannunsa. Gaskiya ne Robert Oppenheimer ya koyi harshen Sanskrit, ya tuna da wani baiti na Bhagavad Gita game da gwajin bam na 16 ga Yulin 1945. Amma mai karatu ya duba maƙalolin Schrödinger na 1926, waɗanda suka kafa lissafin kwantam. Abin da ke cikinsu shi ne aikin Hamilton da na de Broglie, da gwada sakamako a kan launukan hasken iskar haidirojin. Da lissafin bai dace da abin da aka auna ba, da Upanishad ba ta cece shi ba. Mutum na iya gina gida da rana ya karanta waƙa da dare, wannan bai sa waƙar ta zama tubali ba.

Batun zarra ma haka yake, kuma a nan almajirin Katsina ya fi kowa cancantar ganewa. Makarantar Baisheshika ta malam Kanada ta ce akwai ƙwayoyi ƙanana da ba sa rabuwa, na ƙasa da ruwa da wuta da iska. Girkawa sun faɗi makamancin haka. Mu ma a zaurukanmu, duk wanda ya yi nisa a littattafan tauhidin Ash'ariyya ya ci karo da jauharul fardi, ɓangaren da ba ya karɓar rabo. Hankali ne ya kai dukkansu can, domin wanda ya yi ta tunanin raba abu biyu dole ya tambayi kansa ko rabon yana da iyaka. Zarrar masana fiziks kuwa tana da nauyi da aka auna, kuma ta rabu: an ciro lantarki daga cikinta a 1897, aka gano cibiyarta a 1911. Kama da wane ba ta wane.

Ma'auni guda ya isa a raba gardamar nan. Shekara ɗari da wani abu ana bincike kan zarra da taurari, kuma mutane da yawa sun haddace Beda a tsawon wannan lokaci. A nuna mana sau ɗaya tak da wani ya buɗe littafin ya ce, ku je ku auna kaza za ku samu adadi kaza, aka je aka samu. Kullum sai an gama ganowa a Kambirij ko Janeba sannan baitin ke bayyana. Bahaushe ya ba irin wannan suna tuntuni, ihu bayan hari.

'Yan Indiya masu ilimi sun fi ni jin zafin abin. Meghnad Saha, wanda lissafinsa na 1920 ya buɗe hanyar karanta zafin taurari daga haskensu, ya sha yi wa masu cewa komai na cikin Beda ba'a. A babban taron kimiyya na Indiya da aka yi a Mumbai cikin Janairun 2015, wani ya gabatar da maƙala cewa magabata sun ƙera jiragen sama masu zuwa wasu duniyoyi, alhali tun 1974 masana a Bangalor sun binciki littafin da ya dogara da shi, suka tarar rubutun farkon ƙarni na 20 ne, jiragen da ya zana kuma ba za su tashi ba. Ƙasar da ta haifi Bose da Raman da Chandrasekhar, wadda ta sauke na'ura a kan wata ran 23 ga Agustan 2023, ba ta bukatar jirgin tatsuniya.

To, ina alherin da ya tabbata? Mai karatu ya sa hannu a aljihunsa, ya riga ya taɓa shi.

A shekara ta 499 wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Aryabhata ya rubuta ɗan littafin falaki. Cikinsa ya jera adadi 24 na rabin igiyar da ke haɗa baki biyu na gefen da'ira, ya kira ta da sunan tsirkiyar baka, domin siffarta ke nan: gefen da'irar shi ne bakan, igiyar ita ce tsirkiya. Kalmar a harshensu jya ce, ko jiba. Da ilimin ya isa Bagadaza a farkon shekarun 770, zamanin Halifa Mansur, aka fassara shi cikin littafin da Larabawa suka kira Sindhind, sai masu fassara suka ari kalmar yadda take. Rubutun Larabci ba ya nuna wasali, don haka na baya suka karanta ta jaib, kalmar da suka sani, mai nufin wuyan riga ko ma'ajiyar da ke jikinta. Turawan ƙarni na 12 suka fassara jaib zuwa Latin suka ce sinus, daga nan aka samu sine da ke wahalar da ɗaliban sakandare. Wannan al-jaib ɗin dai ita ce ta ratso Sahara ta shigo bakin Bahaushe ta zama aljihu. Babu igiyar haske ko ta sauti ko ta kwantam da ake lissafawa yau ba tare da tsirkiyar Aryabhata ba. Lissafin Schrödinger kansa cike yake da ita. Ga dangantakar Hindu da fiziks ta haƙiƙa, mai isnadi, wadda za a iya bi daga malami zuwa malami kamar salsalar ijaza.

Sifili ma haka. Hindu sun ce shunya, wato wofi, Larabawa suka fassara suka ce sifr, mu muka ce sifili. Brahmagupta ne a 628 ya shimfiɗa ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da ninkawa da shi. Ya kuskure wajen rabawa, na bayansa suka yi ta gyara, kuma wannan kuskure ya fi mini daraja a kan baiti dubu da ba sa kuskure don ba su faɗi abin da za a iya gwadawa ba. Al-Khawarizmi ya rubuta littafi kan hisabin Hindu wajen 825, har gobe kuma Larabawa na kiran alƙaluman da almajiri ke rubutawa cikin hatimi da sunan Hindu.

Aryabhata ya ce ƙasa ce ke juyawa, ya ce husufi inuwa ce. Jama'arsa kuwa sun yi imani wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye rana da wata, kamar yadda yaranmu ke kaɗa gwangwani suna roƙon rana ta saki wata. Brahmagupta, duk da gwanintarsa, ya goyi bayan labarin Rahu don ya dace da littattafan addininsu, sannan ya juya ya lissafa faɗin inuwar kamar kowane mai hisabi. Wanda ya kama shi da wannan fuska biyu shi ne Abu Raihan al-Biruni, malamin Musulmi da ya koyi Sanskrit ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030. Biruni ya girmama lissafin Hindu matuƙa, ya kuma zargi Brahmagupta da faɗin abin da ya san ba haka yake ba don gudun fushin malaman addini. Shekara dubu ke nan da wani ya yi aikin da masu bidiyo suka kasa yi yau: ya tsince tsaba, ya bar ƙaiƙayi.

Reshen wannan ilimi ya iso garin nan. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda sunansa ke ɗauke da sunan Katsina, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya rubuta littafi kan hatimai, wato murabba'an da kowane layi nasu ke ba da jimla guda: 15 in gida uku-uku ne, 65 in biyar-biyar ne, 175 in bakwai-bakwai. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin Masar, wanda ya adana mana labarinsa. Narayana na Indiya ya yi aiki kan irin waɗannan murabba'ai a 1356. Kada mu yi wa al-Kashinawi abin da ake yi wa Beda. Littattafansa cike suke da ɗalasimai da sirrin haruffa da tasirin taurari, shi kansa bai ɓoye ba, kuma bai hango kwamfuta ba. Abin da ya rage nasa mai amfani ga kowa shi ne ƙa'idar cika gidajen, wadda yaro a Ƙofar Durɓi zai iya zanawa a ƙasa da yatsa ya tara ya ga ko ta fita. In ta fita ta fita ga Musulmi da Hindu da wanda ba ya bautar komai.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da a ce ciwon na Indiya ne kaɗai, da ban ɓata tawada ba. Mu ma muna da masu wannan sana'a, waɗanda ba a sanar da wani sabon bincike face sun fito da ayar da suka ce shi take nufi, tun daga littafin likitan Faransa Maurice Bucaille na 1976 har zuwa masu wa'azin TikTok. Niyyarsu kare addini ce, ban musa ba. Amma dabarar guda ce da ta Capra, kuma mai amfani da ita ba shi da bakin ƙaryata ɗan Hindu, domin shi ma baiti ya kawo, ya miƙar da ma'anarsa har ta taɓo abin da aka gano jiya. Wanda ya ɗaura imanin yaro a jikin ra'in masana na bana, me zai ce masa baɗi in ra'in ya faɗi? Littafin Allah ba ya bukatar sa hannun wani farfesa. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne a cikin malamanmu. Imam Shaɗibi, Bamalike ɗan Andalus da ya rasu a 1388, ya soki masu jingina wa Alƙur'ani kowane fanni na mutanen da da na yanzu cikin Muwafaƙat. Malama Bintush Shaɗi'i ta Masar ta yi wa Mustafa Mahmud raddi kan haka a 1970. Imam Gazali kuma ya yi gargaɗi ta ɗaya gefen, cewa mai ƙaryata lissafin husufi da sunan addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, mai ƙaryatawar zai yi wa shakka.

Har Kiristoci sun ɗanɗana. Georges Lemaître, wanda ya lissafa faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin coci ne. Da Paparoma Pius na 12 ya yi shela a 1951 cewa kimiyya ta tabbatar da labarin halitta na Littafin Farawa, Lemaître bai yi murna ba. Ya bi ta hanyoyin da suka dace har Paparoma ya daina. Mai ra'in da kansa ya san cewa abin da awo ya kawo, awo na iya ɗauke shi.

Hasarar kuma ba ta kimiyya kaɗai ba ce. Falsafar Hindu tana da tambayoyinta masu nauyi: mene ne kai, wa ke gani in ido ya gani, shin yawan abubuwa gaskiya ne ko ruɗi. Waƙar halitta ta Rig Beda, ta 129 a littafi na goma, da tambaya ta ƙare, ba ta yi da'awar sani ba. Musulmi zai saɓa wa amsoshinsu, amma ya san tambayoyi ne na masu hankali, irin waɗanda malaman kalam da sufaye suka yi ta kokawa da su. Wanda ya mayar da wannan duka ya zama littafin fiziks na aji uku da aka rubuta a duƙunƙune, ya ƙasƙantar da shi, ya kuma yarda a fakaice cewa babu magana mai daraja sai wadda ɗakin gwaji ya buga wa hatimi.

Yaron da aka gaya wa cewa kakanninsa, ko kakannin wani, sun riga sun san komai, an cire masa dalilin zama da alƙalami har dare. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna tuna malaman Indiya da suka cika makarantun Arewa suna koyar da lissafi da kimiyya. Da yawansu Hindu ne masu riƙo da addininsu, amma alli suka riƙa a aji, tsirkiya da sifili suka koyar. A Janairun 2001 husufin wata ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 da hantsi duhu ya rufe Katsina, a daidai mintin da masu hisabi suka rubuta tun shekaru kafin ranar.

Wani na tafe. Ran 20 ga Maris 2034 inuwar wata za ta shigo Nijeriya ta gaɓar Legas, ta ratsa Kamaru da Chadi da Masar da Saudiyya, ta bi ta Iran har arewacin Indiya. Katsina ba ta kan tsakiyar hanyar, wani ɓangare na rana ne zai rufe mana. Jikokin Aryabhata na ilimi, ko a Delhi suke ko a Dutsin-ma, za su iya faɗin ƙarfe nawa zai fara a kan Ƙofar Durɓi, da kashi nawa na rana zai ci, da mintin da zai sake ta. Masu cewa littafinsu ya riga kimiyya suna da sauran lokaci. Su ajiye jadawalin masu hisabi gefe, su buɗe baitocin, su rubuta mana mintin tun yanzu. Ga fili ga mai doki.